Fayil ɗin Kekunan Masinjoji

Boma, 2 ga Disamba, 1986

Zuwa ga Yayata Naphiri,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da yara da maigidanki Bambo Jere. Yaya ƙafar taki? Kina shafa man da na aiko, ko kin raba wa maƙwabta kamar yadda kika saba? Ni nan lafiya ƙalau, sai ƙurar takarda da ta toshe min hanci. Malam Zakeyo, na san kai kake karanta mata. Ina gaishe ka da mutanen coci, kuma don Allah kada ka tsallake komai ko da ka ga surutun ya yi yawa.

Takardarki ta iso, kuma ban iya cin tuwo ba ranar. Wato Yotamu na garinmu ya je gaban mai gari ya ce gonar Mama ta bakin rafi aro ce kakarsa ta ba kakarmu, kuma tunda ta yi damina biyu babu shuka, a mayar musu. Damina biyun da yake ƙirgawa, ɗaya muna makokin Mama, ɗaya kina kwance da ƙafa, kuma ya sani sarai. Wannan Yotamun da ya girma yana lashe tukunyar Mama! Na gane kuma cewa mai gari ya hana kowa sa fartanya a gonar sai an zauna ranar Asabar ashirin ga wata, kuma ba zai saurare ki ke kaɗai ba. Bambo Jere aure ya kawo shi garinmu, ba shi da baki a kan ƙasar uwarmu, sai ɗan'uwanki namiji ya tsaya miki. Namijin nan kuwa ni ne, babu wani. Ki kwantar da hankalinki, zan zo.

Abu ɗaya ne ya tsaya a gabana, shi ne aikin ƙarshen shekara. Kin sha yi min dariya wai aikina gadin takarda, to wannan watan gadin ya fi noma wuya. Kowane fayil da ke ginin nan sai ya dawo hannuna a Disamba. In duba shi da littafin rajista, wanda ya cika in rufe in buɗe masa sabo, wanda bangonsa ya yage in sake masa, wanda aka daina amfani da shi in ɗaure da igiya a kai sito. Waɗanda suka tsufa a siton kuma a fito da su a ƙona. Dokar ofis ita ce akawun rajista ba ya tafiya hutu sai ƙidaya ta cika, shugabanmu Bwana Likongwe ya sa hannu. Manyan kuwa kowa ya jibge fayiloli a durowarsa tun watan Maris, in na je karɓa sai a dube ni kamar na zo roƙo.

Ƙonawar ma dai suna ce. Tsoho Sikelo masinja zai cinna wa ɗan tsibi wuta a bayan ofis don a ga hayaƙi, sauran takardun matan manya ke rabawa su naɗe gyaɗa da fanke. Mayi Likongwe, matar Bwana, ita ke kwashe kaso mai tsoka, don ita ke da teburin fanke a tashar bas. Kowa ya sani, kowa ya kau da kai. Malam Zakeyo, wannan ya tsaya tsakaninmu.

Na ma riga na sayi irin masara, na zamani, wanda ake rinawa ja da maganin ƙwari. Yana ƙarƙashin gadona. Ranar da mai gari ya gama magana, washegari da sassafe ni da ke muna cikin gonar, ina sara kina zubawa kamar lokacin Mama. Ki dai tanadi kaza, don na gaji da busasshen kifin Boma.

Ki gaishe da kowa da kowa.

Ƙanenki,
Fanuel

Boma, 12 ga Disamba, 1986

Yayata Naphiri,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da yara da Bambo Jere. Na ji an yi ruwa sosai ta wajenku. Nan ma haka, har rufin sito ya fara yoyo.

Yaya, ina rubuta wannan ne raina a ɓace. Na gama ƙidaya tun ranar Litinin. Na yi ta zama bayan an tashi, ko shayin safe ban tsaya sha ba, yatsuna duk sun tsattsage da jan igiya. Komai ya cika sai fayil ɗaya tak. Kin san na mene ne? Na kekunan masinjoji. Kekunan da na ƙarshensu ya mutu tun ina sabon zuwa, ƙarfensa yana nan bayan ofis kabewa ta haye shi. Babu mai buƙatar fayil ɗin nan a duniya, amma yana cikin littafi, don haka sai ya fito.

A littafin an nuna Bwana Likongwe ne ya ɗauke shi a watan jiya, ga sa hannunsa. Na shiga ofishinsa na rusuna, na ce, “Bwana, a gafarce ni, na kekunan nan ko yana wajenku?”

Bai ko ɗago kai ba. Ya ce, “Na dawo da shi.”

Na ce, “Bwana, ban ga inda aka rubuta dawowarsa ba.”

Sai ya ajiye alƙalami ya ce, “To me kake nufi, Phiri? Cinye shi na yi? In kai ba ka rubuta ba, ni zan rubuta maka? Je ka nema.”

Na nema, Yaya. Na sauke kantoci, na kwance ɗaurin da na yi da hannuna na sake ɗaurewa. Na shiga siton nan da gara ta ci rabin ƙofarsa, ɓeraye suna bi ta kan ƙafata. Sikelo ya riƙe min fitila yana ta dariya, wai “Achimwene, ɗan'uwana, in ka samo keken ma ka ba ni in hau.” Shi abin wasa ne a wurinsa, don hutunsa ba ya hannun kowa.

Akwai hanya mai sauƙi, kuma ba ni na ƙirƙiro ta ba. In fayil ya ɓata, ana ɗauko sabon bango a rubuta masa suna da lamba, a ce na wucin gadi ne, shugaba ya sa hannu, ƙidaya ta cika. Kafin ruwan shayi ya tafasa an gama. Na koma na roƙi Bwana a yi haka. Ya ce oditoci za su zo daga babban birni a sabuwar shekara, kuma shi a ofishinsa ba a taɓa ganin fayil na wucin gadi ba. Ya ce, “Fayil ba ya da ƙafa, Phiri. Akawu ke ɓatar da shi.” Takardar hutuna tana kan teburinsa, ya ɗora kofin shayi a kanta, ina gani.

Don haka ga abin da nake roƙonki. Ki ɗauki kazar da na ce ki tanadar min, ki kai wa mai gari. Ki durƙusa ki gaya masa ƙanenki ba raini ya yi ba, aikin gwamnati ne ya riƙe shi, ya ƙara mana ko da mako biyu. Ki tafi da Malam Zakeyo ya taya ki magana. Na san kin tsani roƙo, ni ma na tsane shi, ga shi tun Litinin shi nake yi.

Kada ki biye wa matar Yotamu in ta tare ki a rijiya. So suke ki yi zagi a kai wa mai gari.

Ina gaishe da yara. Ki ce wa ƙaramar na saya mata ribon.

Ƙanenki,
Fanuel

Boma, 24 ga Disamba, 1986

Yayata Naphiri,

Ina gaishe ku da gaisuwar Kirsimeti, Allah ya sa ku yi ta lafiya. Yaya ƙafa? Yaya yara? Na gode wa Malam Zakeyo da ya raka ki, Allah ya saka masa.

Na ga saƙonki. Mai gari ya ɗaga zaman zuwa Asabar ta farko a sabuwar shekara, kuma ya ce daga nan babu ƙari, don lokacin shuka yana wucewa, ba zai bar gona mai kyau ta sake kwana ba. Ban ga laifinsa ba. Na kuma ga inda kika ce, “Fanu, ka zo ko da ƙafa ne.” Na karanta wurin ya fi a ƙirga.

Fayil bai fito ba. Babu inda ban duba ba sai ofishin Bwana, shi kuwa ba a taɓa masa durowa.

Jiya aka yi shayin Kirsimeti na ofis. Mayi Likongwe ta aiko da fanke cike da faranti, aka zuba lemo, Bwana ya tashi ya yi jawabi. Har da ni a ciki. Wai “Phiri ginshiƙin ofishin nan ne, dubi yadda ya sadaukar da hutunsa don aiki.” Aka tafa min, Yaya. Mutanen da suka riƙe min fayiloli wata tara suka tafa min da maiƙo a hannu, kowa jakarsa tana bakin ƙofa zai kama bas. Na ajiye nawa fanken a faranti.

Da aka watse na bi shi har bakin mota. Ban taɓa kai masa maganar gida ba, amma jiya na kai. Na gaya masa komai, gonar Mama, Yotamu, ƙafarki, yaranki da abin da za su ci. Na ce kwana uku kawai nake roƙo, in je in tsaya gaban mai gari in dawo in ci gaba da nema. Ya saurare ni yana kaɗa makullin mota. Sannan ya ce, “Gona? Kowa a ginin nan yana da gona, Phiri. In na saki duk mai gona, wa zai riƙe gwamnati? Ka nemo fayil, ka ga hannuna a takardarka nan take.” Ya ce kuma, “Af, kada ka yi gangancin tafiya babu izini. Ka san abin da doka ta ce.” Ya ja mota, su da iyali za su yi bikin a bakin tafki, sai Litinin zai dawo.

Na san abin da doka ta ce. Akawun da ya bar rajista ƙidaya ba ta cika ba, korarsa ake yi, kuma babu ofishin da zai sake ɗaukarsa. Bara aka yi wa wani haka a ofishin gundumar da ke kusa da mu, yanzu gawayi yake sayarwa. Na zauna na yi ta juya abin. In aka kore ni, makarantar yaranki ta tsaya, maganin ƙafarki ya tsaya. In ban zo ba, gonar ta tafi. Ba zan ɓoye miki ba, tsoro nake ji, kuma ina jin haushin kaina da nake jin tsoron. Mama ta tura ni makaranta don in zama mai tsaya muku, ga ni ina tsaye a bakin motar wani ina murza hula.

Amma akwai sauran lokaci. Ran Litinin zan tare shi tun da safe, wataƙila iskar tafki ta sanyaya masa zuciya. In ya sa hannu ko da ran Juma'a ne, bas ɗin azahar zai kai ni mararraba, in ƙarasa da ƙafa, Asabar da safe ina gaban mai gari. Gobe ma bayan coci zan koma sito in sake dubawa, tunda ba ni da inda zan je.

Na duba irin masarar, yana nan lafiya, danshi bai taɓa shi ba.

Ku ci naman Kirsimeti har da rabona.

Ƙanenki,
Fanuel

Boma, 11 ga Janairu, 1987

Yayata Naphiri,

Ina gaishe ki. Ina gaishe da yara da Bambo Jere. Ban san ko ya dace in tambayi lafiyarki ba, amma ina tambaya.

Takardarki ta iso shekaranjiya. Na ga kin sa an rubuta “Zuwa ga Bwana Akawu” a inda kika saba cewa Fanu. Malam Zakeyo, na san ba kai ka zaɓi kalmar ba. Na karanta cewa mai gari ya jira har rana ta karkata, ya sa aka yi ta kiran sunana a ƙarƙashin bishiya, kina zaune ke kaɗai a tabarmar gidanmu. Na karanta cewa an ba Yotamu gonar, kuma washegari shi da 'ya'yansa suka shiga da fartanya. Ba ki zage ni ba ko sau ɗaya. Da kin zage ni da ya fi min sauƙi.

Ba don in wanke kaina nake rubuta wannan ba. So nake ki san abin da aka musanya da gonar Mama.

Bwana ya dawo ran Litinin ɗin, na tare shi, ya ce in ƙara dubawa da kyau. Laraba haka. Ran Juma'a na zo ofis da jakata da buhun iri, na ajiye su a bayan kanta. Na shiga wurinsa da safe, ya ce yana da baƙi. Da azahar ta yi na ji bas ɗin garinmu yana ta hon a tasha, kin san yadda direban nan yake yi kafin ya tashi. Na ɗauki jakar, na kai bakin ƙofar ofis, na tsaya. Ina tsaye har hon ɗin ya daina. Sai na mayar da jakar bayan kanta na zauna. Babu wanda ya riƙe min hannu, Yaya, ni na zauna.

Ran Litinin da ta biyo, kwana biyu bayan an gama da ke a gaban mai gari, sai ga Mayi Likongwe ta shigo rajista da kwandonta, ta zo ɗibar kasonta na takardun ƙonawa. Tana ta fara'a, tana yi min barka da sabuwar shekara. Sai ta zaro wani koren bango daga kwandon ta ajiye min a tebur. Ta ce, “Ungo wannan, Bambo Phiri, kwalin ya yi tauri, ba ya naɗuwa. Amma na cikinsa kam, kai, takarda ce ta gaske, irin ta da, ba ta shan mai ko kaɗan. In akwai irinta ka ware min.”

Na dubi bangon. Rubutun hannuna ne a kai. Kekunan Masinjoji.

Na ce, “Mayi, a ina kuka same shi?”

Ta ce, “A gida mana, kan kabad. Na ga tsofaffin takardu duk sun yi ja, ga Disamba ta kama, na ce kason bana ne maigidan ya fara kawo min. Tun farkon Disamba nake naɗe fanke da su. Da ya gani ma ya yi ta faɗa, na ce to ya mayar muku da bangon ko za ku sake amfani da shi, kullum sai ya ce in bari. Ni kuwa na gaji da ganinsa.”

Tun farkon Disamba, Yaya. Lokacin da yake tambayata ko cinye shi ya yi, ya sani. Lokacin da nake cikin ɓeraye, ya sani. Lokacin da na bi shi bakin mota ina ba shi labarin yaranki, bangon nan yana kan kabad ɗinsa. Bai so a rubuta cewa fayil ya ɓata a hannunsa, bai so kuma ya sa hannu a na wucin gadi oditoci su tambaye shi dalili. Jira yake in gaji in rubuta cewa ni na ɓatar.

Tana cikin magana Bwana ya shigo. Ya dubi bangon, ya dubi matarsa, ya dube ni. Na zaci zai ji kunya. Sai ya ce, “To, ka gani, ai ya fito. Sa masa farar takarda a ciki, ka rubuta an duba. Kawo in sa hannu.” Na sa, na rubuta, ya sa hannu. Ruwan shayin Sikelo bai tafasa ba muka gama. Ya jawo takardar hutuna, da zoben kofi a kanta, ya sa hannu ita ma, ya ce, “Mako biyu. Ka huta sosai, ka yi ƙoƙari. A gaishe da mutanen gida.”

Kuma na ce na gode, Bwana. Bakina ne ya faɗa, kamar yadda ya saba.

Wanda zan kai wa ƙara shi ne Bwana. Shaidata matarsa ce. Sikelo da ya ji komai ya ce min, “Achimwene, ni kunnena ya tsufa.” Ban ga laifinsa ba shi ma.

Abin da ya fi cin raina shi ne a tashar bas take sayar da fanken. Tun farkon Disamba fasinjojin garinmu suna saye suna hawa. Fayil ɗin da na yi ta nema a sito ya riga ni zuwa gida, shafi bayan shafi. Ki duba gefen hanyar mararraba, wataƙila ki tsinci rubutuna da maiƙo a jiki. Da na ƙarasa tashar ran Juma'ar nan na sayi fanke na hanya, da a hannuna za a miƙo min shi.

Hutuna ya fara tun ran Talata, ina nan cikin ɗaki ban fita ba. Kin ce kada in wahalar da kaina da zuwa. In kin yarda in zo, ki sa Malam Zakeyo ya rubuta min kalma ɗaya, zan zo in share miki ko da bayan ɗaki ne mu shuka kabewa. In ba ki yarda ba, na gane.

Na ba yaron bas buhun irin ya kawo miki tare da ribon ɗin ƙaramar. Ban san inda za ki shuka shi ba. In Bambo Jere ya san wani mai gona, a ba shi. Amma don Allah ki ɗaga shi sama inda yara da kaji ba za su kai ba, kuma duk yadda abinci ya yi wuya a watan gobe kada ki daka shi. Jan nan da ke jikinsa guba ne, ba ya ciwuwa.

Ƙanenki, in har yanzu kina kira na haka,
Fanuel